Pinni ko gajrela: wanne daga kayan zaƙin hunturun Punjab ya fi dacewa a yi a gida?

A yankin Punjab, wanda rabuwar 1947 ta tsaga tsakanin Indiya da Pakistan, sanyin Disamba da Janairu ba na wasa ba ne. A Amritsar da Lahore hazo kan lulluɓe gari har hantsi, da dare kuma ma'aunin zafi kan sauko ƙasa da digiri 5. Lokacin ne ake yankan rake ana dafa mazarƙwaila, wadda suke kira gur, jan karas ya cika kasuwa, madarar ɓaunar da suke kiwo ta wadata. Daga waɗannan abubuwa ne kayan zaƙinsu na hunturu suka fito, kuma duk masu nauyi ne, masu maiƙo, irin waɗanda ake ci don jiki ya ɗauki ɗumi.

Uku ne aka fi yi a gida. Akwai pinni na garin alkama, wato curi na soyayyen gari da man shanu da sukari, wanda duk wanda ya san nakiya zai gane danginsa da ganin farko. Akwai pinni na urad, wani ɗan ƙaramin baƙin wake da ake surfewa ya koma fari. Sai gajrela, wato karas da aka gurza aka dafa cikin madara har ta ƙafe, wanda a sauran Indiya aka fi sani da gajar ka halwa. Su rewri da gajak da ake rabawa a bikin Lohri ranar 13 ga Janairu ba sa cikin wannan lissafi. 'Yan uwan kantun riɗi ne, kuma ko a can yawanci a kasuwa ake sayensu, domin miƙa narkakken sukari ana ja har ya yi fari aikin masu sana'a ne.

Kafin a tambayi wanne ya fi daɗi, a tambayi yaushe za a ci. Pinni na alkama abin ajiya ne, ana yinsa sau ɗaya a ci wata guda. Gajrela ta yau ce da gobe. Pinni na urad ya fi su wahala, kuma yana tsakiya wajen jimiri. Wanda ya amsa wannan tambaya ya yi rabin zaɓi.

Man shanu, tushen duka ukun

Abin da Punjabawa ke kira desi ghee tataccen man shanu ne da aka dafa har ruwansa ya ƙone. Man shanun da Fulani ke sayarwa ya yi daidai, domin shi ma daga nonon da ya kwana ake kaɗo shi, kamar yadda ake yi a ƙauyukan Punjab. Sharaɗi ɗaya ne: a sayi ɗanye a tace da hannu. Soyayyen man shanu na kasuwa kusan kullum da albasa ake soya shi, wani har da citta ko kanumfari, kuma warin albasa ba ya ɓuya a cikin kayan zaƙi komai yawan sukarin da aka zuba.

A wanke ɗanyen man a ruwan sanyi sau uku ko huɗu ana murza shi, har ruwan ya daina fitowa fari. A ɗora a wuta kaɗan ba murfi. Zai yi kumfa, ya yi ta ƙara kamar ana yayyafi a kan kwano, sannan ya yi shiru. Idan ya yi shiru, man ya yi garau, ɗan dusar da ke ƙasa ta koma ruwan zuma, a sauke a tace da ƙyalle mai tsabta. Kilo 1 na ɗanye kan ba da giram 750 zuwa 800. Bota ta leda da aka yi da man kayan lambu ba za ta maye gurbinsa ba, tana da ruwa da gishiri, kuma tana barin wani maiƙo a dasashi. Man gyaɗa kuwa ba ya daskarewa, don haka curin pinni ba zai tsaya ba.

Ta fuskar aljihu, a nan bambanci na farko yake. Kilo 1 na karas giram 80 zuwa 100 na mai ya ishe shi. Rabin kilo na garin alkama yana cin giram 300. Giram 250 na urad kaɗai zai shanye giram 225. Idan man shanu ya yi tsada a kasuwa kuma karas na araha, gajrela ce mai sauƙin kuɗi, muddin ana samun madara.

Pinni na alkama

Ga awon da ke ba da curi 25 ko 26 masu nauyin giram 50 kowanne: garin alkama giram 500, tataccen man shanu giram 300, niƙaƙƙen sukari giram 275, ƙaro giram 50, almon giram 75, kashu giram 50, 'ya'yan kankana ko na kabewa da aka ɓare giram 50, zabibi giram 50, garin busasshiyar citta ƙaramin cokali 2, garin kadamon, wanda masu gahawa ke kira hel, ƙaramin cokali 1. Inda almon ya yi wuya, soyayyar gyaɗa da aka murje ta ɓarza tana yin aikin, sai dai ɗanɗanon zai karkata wajen dakuwa.

Garin shi ne atta, wato alkama da aka niƙa gaba ɗayanta da dusarta. Fulawa ba ta yi. Idan aka soya ta a mai sai ta zama kamar talge, curin ya riƙa liƙewa a ganɗa. A sayi alkama, a tsince, a wanke, a shanya ta bushe ƙayau, a kai inji a ce kada ya yi laushi ƙwarai. A lura da abin da injin ya niƙa kafin nan, domin garin da ya biyo bayan barkono ko kanwa ya riga ya lalace. Wanda garinsa ya yi laushi da yawa ya cire giram 75 ya maye da samolina, za ta dawo masa da ɗan garas-garas ɗin da ake nema.

Ƙaro shi ne abin da suke kira gond, kuma a nan muna da sa'a, domin Indiya na daga cikin masu sayen ƙaro daga Najeriya da Chadi da Sudan. A zaɓi mai haske, wanda ba ɓawon itace ko yashi a jikinsa. Wanda ake tarawa don tawada ko ƙandarar da hula sau da yawa ba a tsince shi ba, a guje shi. A shagon Indiyawa kuma a kula kada a ba mutum gond katira. Sunan ne ya yi kama, amma wannan na jiƙawa ne a ruwa a sha lokacin zafi, ba ya kumbura a mai. A daddaka ƙaron a turmi ya zama kamar ƙwayar dawa, in da rana a shanya shi awa ɗaya.

Da ƙaron ake farawa. A zuba giram 100 na man a kasko mai zurfi, a bar shi ya yi matsakaicin zafi, a jefa ƙwaya ɗaya. Idan ta nutse ta taso cikin daƙiƙa biyu ko uku tana kumbura, man ya yi. A riƙa zuba cokali ɗaya-ɗaya ana juyawa. Zai fashe ya yi fari kamar gugguru, ya ninka girmansa sau biyu ko uku. A tsame ɗaya a murƙushe da yatsa: in ya rududduge gaba ɗaya ya soyu, in an ji wani ɗan dutse a tsakiya da saura. Mafi yawan pinni da ke kama haƙori daga nan matsalarsa take. Mai ya yi zafi da yawa, bayan ƙaron ya yi ja, cikinsa ɗanye, kuma ɗanyen ƙaro a baki ɗanƙo ne mai liƙewa a haƙori. Idan ya huce a murƙushe shi da bayan kofi. A cikin wannan man dai a soya almon da kashu sama-sama, a tsame, a ɓarza. 'Ya'yan kankana daƙiƙa kaɗan suke so, suna tsalle, a rufe da murfi. Zabibi da ya kumbura a kwashe, in ya daɗe ɗaci yake yi.

Sai babban aikin. A tace man da ya rage, a haɗa da sauran giram 200, a zuba garin, a rage wuta iyakar ragewa. Tukunyar dalma mai kauri ta fi kowace dacewa, siririyar tukunya kuwa ƙona ƙasa take yi kafin sama ya ji wuta. Da farko garin zai shanye man ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen yashi, har mutum ya ga kamar man ya yi kaɗan. Kada a ƙara. Bayan kamar minti 15 ana juyawa zai saki jiki, ya yi sauƙin tuƙawa, man ya fara ƙyalli a gefe. Tsakanin minti 25 zuwa 35 launin zai koma kamar na soyayyar gyaɗa, ƙamshi ya cika gida har maƙwabta su ji. A ɗanɗana kaɗan bayan an hura: in babu gafi, sai garɗi, ya yi.

Kuskure biyu ne a nan, kuma kishiyoyin juna ne. Mai gaggawa ya ƙara wuta, garin ya yi ja cikin minti goma, amma launi ne kawai, cikinsa bai soyu ba, ga ɗan ƙauri a baya. Irin wannan pinni yana zama a ciki kamar dutse, kuma ba ya jimiri, tunda danshin garin bai fita ba. Mai tsoro kuma ya sauke tun garin na fari-fari, sai a samu curi mai ɗanɗanon ɗanyen ƙulli. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: tukunya mai kauri tana ci gaba da suya bayan an kashe wuta. A sauke tun launin bai kai inda ake so ba da ɗan kaɗan, a ci gaba da juyawa minti uku, ko a juye a faranti mai faɗi.

Yanzu a zuba ƙaro, almon, kashu, zabibi, citta da kadamon, a gauraya. Sukari kuwa ya jira. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a pinni. Idan aka zuba sukari a gari mai zafi zai narke, haɗin ya tsinke, man ya rabu ya kwanta a ƙasa, in ya huce kuma ya ƙandare kamar alawa. A jira har a iya cusa yatsa a ciki a ƙirga goma ba a ji ƙuna ba, sannan a zuba a murza da hannu sosai. Kada kuma a bari ya huce sarai, domin ɗumin man ne ke sa curin ya kama. A ɗebi cikin hannu, a matse da ƙarfi sau biyar ko shida, a mulmula. Wasu na barin shatin yatsunsu a jiki maimakon su mulmule shi sumul, kuma haka ake ganinsa a gidaje da yawa a can.

In ya ƙi kamawa yana wargajewa, ko dai ya huce ne, sai a ɗan ɗumama, ko man ya yi kaɗan, sai a ƙara narkakke cokali ɗaya-ɗaya. Kada a yayyafa madara ko ruwa don ya kama. Zai kama kuwa, amma ya tashi daga abin wata guda ya koma na kwana huɗu, fumfuna na jiransa. In kuma curin na zaunawa yana bajewa, mai ya yi yawa ko ɗakin ya yi zafi: a soya gari cokali huɗu ba mai a ƙara, ko a sa haɗin a firji minti 15. Idan duk an yi ya ƙi, babu asara. Garin da ba a cura ba shi ma abinci ne mai sunansa, panjiri, ana cinsa da cokali, kuma shi ne ake yi wa masu jego a Punjab kamar yadda ake dama musu kunun kanwa a nan.

A bar curin ya sha iska awa uku ko huɗu, a jera a gwangwani ko roba mai murfi da ta bushe. A wuri mai sanyi yana kai sati uku zuwa huɗu ba firji. Amma man shanu na narkewa da zarar zafi ya haura digiri 32 ko kusa da haka, don haka a Kano ko Sakkwato ko Zinder wannan aikin Disamba da Janairu ne. Wanda ya yi shi a Afrilu ya ajiye a kan kanta zai tarar da kunu.

Sukari ko mazarƙwaila

Sukarin da suke amfani da shi boora ne. Ana narka rabin kilo na sukari a ruwa mililita 160, a dafa har ya yi kauri yana kumfa, a sa ƙaramin cokali na man shanu, a sauke, a yi ta tuƙawa har ya bushe ya koma kamar lallausan yashi, a tankaɗe. Yana ba curi ɗan garas mai daɗi, kuma ba ya saurin jan danshi. Wanda ba shi da lokaci ya niƙa sukari a bilenda, ya wadatar. Farin sukarin da ake ƙawata kek da shi yana da sitaci a ciki, yana sa curin ya yi talge-talge.

Mazarƙwaila ta fi ba da ɗanɗano mai zurfi, kuma ta fi dacewa da citta. A kankare ta da wuƙa ko a daka ta yi laushi, a cire duk ƙullutu, a sa giram 250 maimakon 275. Tana da danshi, don haka a rage sati ɗaya a lissafin ajiya, kuma ta fi sukari saurin narkewa in garin na da zafi. A kuma ɗanɗana kafin a saya, wata na da tsami-tsami, wata da yashi. Mai ciwon sukari kada ya ruɗu da launinta, sukari ce ita ma. Curi ɗaya na giram 50 yana ɗauke da kusan kalori 250, shi ya sa a can ɗaya ake ci da safe da kofin madara mai zafi ko shayi, ba a cika faranti da shi.

Pinni na urad

Wannan shi ne wanda masu shagon kayan zaƙi ke alfahari da shi, kuma gaskiya ya fi na alkama laushi da daɗin taunawa. Amma ba a ba wanda bai taɓa yi ba shawarar ya fara da shi. Da farko waken sai a shagon Indiyawa, kuma farin wakenmu ba ya maye gurbinsa, ba shi da yauƙin urad, ƙamshinsa kuma na ƙosai ne.

Ana jiƙa giram 250 na surfaffen urad awa 4 zuwa 6, a tsane sosai, a markaɗa da ɗan ruwa kaɗan, kada ya yi laushi kamar na alala. A narka man shanu giram 225, a fara soya samolina cokali uku a ciki minti biyu, domin ita ce ke rage kamun tukunya, sannan a zuba ƙullun. Minti 15 na farko azaba ce: ƙullun na manne wa muciya da tukunya, yana dunƙulewa wuri ɗaya kamar tuwo, dole a yi ta dannawa ana yankawa ana kankaro ƙasa. Daga baya yake wargajewa ya zama tsaki-tsaki, ya yi ja, ya saki man. Gaba ɗaya minti 45 zuwa awa ɗaya ne, hannu bai huta ba. Duk dunƙulen da ya tsira bai fashe ba, cikinsa ɗanyen wake ne mai gafi, kuma babu gyara bayan an sa sukari.

Sannan a soya khoya giram 250 daban a haɗa. Khoya madara ce da aka dafa har ta zama kamar ƙullu mai kauri. Lita 1 ta madarar ɓauna, mai kitse kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari, tana ba da sama da giram 200, ta saniya kuwa ba ta kai haka ba. Ta gajeriyar hanya: garin madara mai kitse giram 200, madarar ruwa mililita 100, man shanu giram 30, a tuƙa a wuta kaɗan minti biyar. Masu yin tuwon madara sun san wannan hannu.

Sukari a nan dafa shi ake yi, giram 275 a ruwa mililita 125, har ya kai matakin zare ɗaya: a ɗiga a faranti, a taɓa tsakanin babban yatsa da manuniya, a buɗe, zare ɗaya ya miƙe bai tsinke nan take ba. A juye a kan waken, a juya a wuta kaɗan har ya shanye, a bari ya huce a cura. In ruwan sukarin bai kai ba curin zai yi caɓal ya yi saurin lalacewa, in ya wuce kuma washegari a tarar da shi ya bushe yana farfashewa. Saboda khoya da ruwan da ke ciki, sati ɗaya yake yi a wuri mai sanyi, a firji kamar sati biyu. Akwai hanyar niƙa busasshen urad ya zama gari a soya kamar na alkama, tana rage aikin da rabi kuma tana ƙara kwanaki, amma laushin nan da ya sa ake sonsa ba ya fitowa sosai.

Gajrela

Ita ce mafi sauƙin fahimta, kuma mafi yafiya ga mai kuskure. Karas kilo 1, madara mai kitse lita 1 da rabi, sukari giram 150 zuwa 200, man shanu giram 90, kadamon, ɗan almon ko kashu, da khoya giram 150 ga mai so. In garin madara ne, giram 130 a kowace lita ta ruwa. Nono da kindirmo ba sa yi, tsaminsu zai sa komai ya tsinke.

Karas ɗin Punjab na hunturu ja ne, dogo, mai ruwa da zaƙi. Namu mai ruwan lemo ya fi shi tauri da ƙarancin zaƙi, don haka a zaɓi matasa sirara, manyan kuma a tsaga a cire zuciyar in ta yi itace, a kuma karkata wajen giram 200 na sukari. Launin ba zai yi ja irin nasu ba, kuma ba dalilin zuba kala ba ne. A gurza da manyan ramukan magurji. Ƙananan ramuka ko bilenda na mayar da shi fate, alhali ana son kowane sili ya fito da kansa a cokali.

A haɗa karas da madara a tukunya mai faɗi da kauri, a tafasa, a rage wuta, ba murfi. Minti 50 zuwa 70 ne kafin madarar ta ƙafe. Da farko juyawa duk bayan minti biyar ta isa, ana kankaro abin da ya manne a gefe ana mayarwa ciki, domin nan daɗin yake. Da ta fara kauri sai a tsaya a kanta, madarar da ta kama ƙasa ƙaurinta na ratsa tukunya duka. In hakan ta faru, kada a kankare, a juye na sama a wata tukunya a ci gaba.

Sai madara ta ƙafe ake zuba sukari. In aka sa shi da wuri, karas ba ya nuna da kyau, yana ƙandarewa ya yi ɗanƙo. Da an zuba, haɗin zai sake tsinkewa, sukari na janyo ruwan da ke cikin karas, wannan ba matsala ba ce, minti 10 zuwa 15 zai sake bushewa. Mai son mazarƙwaila ya jira har babu sauran madarar ruwa ko kaɗan, domin tana iya sa madara ta yi gudaji.

Matakin ƙarshe shi ne wanda ya raba gajrela da dafaffen karas mai zaƙi, kuma shi ake yawan tsallakewa. A zuba man shanu, a ɗan ƙara wuta, a soya ana juyawa minti 12 zuwa 15, har launin ya yi duhu, haɗin ya bar jikin tukunya, man ya fito a gefe yana ƙyalli. Punjabawa na kiran wannan bhunai. Gajrelar da ba ta sha wannan suya ba tana tsatso ruwa a faranti, kuma kwana biyu ta fara tsami. Khoya a marmasa ta a ƙarshe, a juya minti biyu kawai don farin tsakinta ya riƙa bayyana. Gwangwani ɗaya na madara mai kauri mai zaƙi, na kusan giram 400, yana iya maye gurbin sukari da khoya tare, sai a rage madarar ruwa zuwa rabin lita. Yana rage rabin awa, amma zaƙin kan yi yawa, kuma ba a iya rage shi. Tukunyar matsi, wato mai kulle tururi a ciki, ta fi wannan sauri, sai dai tana narkar da silin karas ɗin.

Da zafi ake cinta. A firji tana kwana 4 ko 5, a waje kuwa yini ɗaya ne a yanayinmu, ko da hunturu.

To, wanne?

Gidan da wutar lantarki ba ta da tabbas, pinni na alkama ne nasa, ba tare da khoya ba, ba tare da ɗigon madara ba. Shi ne kuma na guzurin matafiyi, na ɗalibin makarantar kwana, na kai wa mai jego, na karin kumallon wanda ke fita da asuba cikin sanyi. Yana cin man shanu da yawa, amma aikin awa ɗaya da rabi ne a huta har wata. In kuɗi ya gaza, a rage almon da kashu, kada a rage mai ko a sauya shi. Pinni na gari da mai da sukari da ƙaro kaɗai, in garin ya soyu da kyau, ya fi wanda aka cika da almon aka yi da bota ta leda.

Mai baƙi yau da yamma, ko mai neman abin da za a ci bayan tuwo a taron iyali, gajrela ce tasa. Kayanta duk suna kasuwar unguwa lokacin da karas ɗin rani ya shigo, kilo 1 na isar mutum takwas, kuma kusan duk kuskurenta ana gyara shi da ƙarin minti goma a wuta. Tana cin lokaci, kusan awa biyu, amma rabinsa na jira ne, ana iya haɗa shi da wani girkin. Mai amfani da gas ya sa wannan awa biyun a lissafi. A garwashi ta fi araha, kuma wutar gawayi mai laushi ta fi dacewa da ita.

Pinni na urad a bar shi sai hannu ya faɗa da na alkama sau biyu ko uku, sai an san launin soyayyen gari da ido, an san ɗumin da ake zuba sukari da yatsa. Ranar da za a yi shi kuma a samu mutum na biyu da za a riƙa karɓa-karɓa da muciya, a fara da rabin awo, giram 125 na wake, a tukunyar da ta fi ƙarfin abin da ke cikinta sau uku.